Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Yadda Kamfanoni Za Su Rage Wutar da Kwamfutocinsu Ke Sha a Banza

Bari in fara da tambaya. Da za ka ga direban da ya kunna tirela tun safe, ya bar ta tana aiki har dare, alhali buhu biyu kawai zai kai kasuwa, me za ka ce da shi? Na san ba za ka rasa abin faɗa ba. To, kusan haka kamfanoni da ma'aikatu da yawa a duniya suke yi da manyan kwamfutocinsu, sai dai ba wanda ke ganin hayaƙin, domin a tashar samar da lantarki yake tashi, ko a bayan ofis inda aka ajiye janareta.

A rubutunmu na yau za mu duba wani fanni da ma'aikatan fasahar sadarwa suka daɗe da shi, wato tsara ƙarfin ɗauka. Ma'anarsa a taƙaice ita ce kamfani ya san yawan aikin da ke gabansa, ya san yawan aikin da na'urorinsa za su iya ɗauka, sannan ya daidaita biyun. Tun asali don rage kashe kuɗi da hana tsaiko aka ƙirƙiro shi. Yanzu kuma an gane cewa yana cikin hanyoyi mafi arha na rage ɓarnar da fasaha ke yi wa muhalli.

Ina wutar take tafiya?

Duk lokacin da ka tura kuɗi ta waya, ko ka duba sakamakon jarrabawa, ko ka buɗe imel, wayarka ba ita kaɗai ke aikin ba. Saƙo take aikawa zuwa wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wasu kuma su ce uwar garke, ita kuma ta yi lissafin ta maido da amsa. Waɗannan na'urori ba su da allo, ba mai zama a gabansu, a jere suke cikin kanta-kanta na ƙarfe, kuma ba a kashe su dare da rana. Inda aka tara su da yawa shi ake kira cibiyar bayanai. Ƙaramin kamfani kuwa ɗaki guda yake warewa, ya sa masa iyakwandishan, ya kulle.

Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 cibiyoyin bayanai sun sha wutar da ta kai yunit biliyan 415, irin yunit ɗin da kake saya a mitarka ta gida. Wannan kusan kashi 1.5 cikin 100 ne na duk lantarkin da duniya ta yi amfani da shi. Hukumar ta yi hasashen cewa zuwa 2030 adadin zai kai kusan yunit biliyan 945, wato ya ɗan zarce abin da ƙasar Japan baki ɗayanta ke sha a shekara.

Kashi ɗaya da rabi ba ya da yawa a kunne, amma ba a rarrabe nauyin yake daidai-wa-daida ba. A ƙasar Ailan, hukumar ƙididdiga ta nuna cewa cibiyoyin bayanai sun tashi daga shan kashi 5 cikin 100 na lantarkin da ke bi ta mita a 2015 zuwa kashi 21 a 2023. Singafo kuwa a 2019 sai da ta dakatar da ba da izinin gina sababbin cibiyoyi, ba ta sassauta ba sai a 2022. Ka ga ke nan maganar ta wuce ta masu sha'awar kwamfuta kawai.

Na'urar da ke zaune tana ci

Ga inda matsalar take. Da a ce sabar tana shan wuta daidai gwargwadon aikin da take yi, da da sauƙi. Amma ba haka abin yake ba.

A 2007 wasu injiniyoyin Google biyu, Luiz André Barroso da Urs Hölzle, suka fitar da wata maƙala da ta yi tasiri sosai. Sun bibiyi na'urorin sabar sama da 5,000 na tsawon wata shida, suka ga mafi yawan lokaci suna aiki ne tsakanin kashi 10 zuwa 50 cikin 100 na ƙarfinsu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, sabar ta wancan zamani ko da ba ta yin komai tana shan kusan rabin wutar da za ta sha idan tana aiki gadan-gadan. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwar ajiya tana kunne, faifan ajiya na juyawa, fankoki na kaɗawa, na'urar rarraba wuta tana zafi. Na'urorin yanzu sun fi na da iya rage cin wuta idan suna hutawa, amma har yau ba su sauka zuwa sifili.

A 2014 ƙungiyar kare muhalli ta NRDC da ke Amurka ta ba da rahoton cewa matsakaicin aikin da ake samu daga sabar bai wuce kashi 12 zuwa 18 cikin 100 na ƙarfinta ba. Shekara guda bayan haka, Jonathan Koomey na Jami'ar Stanford da Jon Taylor na kamfanin Anthesis suka duba bayanan na'urori kusan 4,000, suka tarar kashi 30 cikin 100 ba su yi wani aiki mai amfani ba tsawon wata shida ko fiye. Suna kunne, suna shan wuta, ana sanyaya su, amma ba mai aiko musu da saƙo. Su ne ake yi wa laƙabi da sumammun sabar.

Ni kaina na taɓa ganin irin wannan. Lokacin da nake koyon aiki a wata ma'aikata, akwai wata sabar a ƙasan kanta da kowa ke tsoron taɓawa. Na tambayi oganmu aikinta, ya ce wanda ya haɗa ta ya bar wurin shekara uku da suka wuce. Na ce, "Yallaɓai, to a kashe ta mana mu gani." Ya dube ni ya ce, "In albashin mutane ke cikinta fa, kai za ka yi bayani?" Gaskiyarsa ce. Wanda ya kashe na'ura aiki ya tsaya, shi za a kira. Wanda ya bar ta tana shan wuta shekara goma, ba mai tambayarsa, domin takardar kuɗin wuta da na dizal ofishin kuɗi take zuwa, ba sashen kwamfuta ba.

Wuta biyu ake biya

Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa. Kusan duk wutar da ta shiga cikin sabar zafi take komawa, kuma dole a fitar da wannan zafin daga ɗakin, in ba haka ba na'urorin su lalace. Sanyayawar ita ma wuta take ci. Haka batiran da ke riƙe wuta idan an ɗauke, su ma suna zubar da wani kaso.

Don auna wannan, wata haɗakar kamfanonin fasaha mai suna The Green Grid ta fito da ma'aunin PUE a 2007. Lissafinsa ba wuya: ka ɗauki duk wutar da ginin ya sha, ka raba da wadda kwamfutocin kaɗai suka sha. Idan ka samu 2, to duk yunit ɗaya da ya tafi ga aiki, wani yunit ɗin ya tafi ga sanyaya da sauransu. Binciken shekara-shekara na cibiyar Uptime Institute ya nuna matsakaicin ya sauko daga 2.5 a 2007 zuwa wajen 1.6, kuma ya daɗe a nan bai motsa sosai ba. Manyan kamfanoni irin su Google suna ba da rahoton wajen 1.1.

Amma ka lura da wani rauni a ma'aunin nan. Ba ya tambayar ko kwamfutocin suna aikin kirki. Ɗaki cike da sumammun sabar zai iya samun PUE mai kyau, matuƙar sanyayawarsa ba ta cin wuta da yawa. Wannan giɓin shi tsara ƙarfin ɗauka ke cikewa.

To mene ne tsara ƙarfin ɗauka?

Fannin yana cikin kundin ƙa'idojin gudanar da ayyukan fasaha da ake kira ITIL, wanda wata hukumar gwamnatin Birtaniya ta fara haɗawa a ƙarshen shekarun 1980. An kasa shi hawa uku, kuma kowane hawa tambaya ce.

Hawa na farko tambayar kasuwanci ce: ina kamfanin ya dosa? Kwastomomi nawa ake sa ran samu baɗi? Za a buɗe sabon reshe? Wane lokaci ne na cunkoso, ƙarshen wata ne, ko jajibirin Sallah, ko ranar rufe rajista?

Hawa na biyu tambayar hidima ce: me aka yi wa mai amfani alkawari? Misali, a ce tura kuɗi ba zai wuce daƙiƙa biyar ba, ko shafin rajista zai ɗauki mutum dubu goma a lokaci guda.

Hawa na uku tambayar kayan aiki ce: kowace sabar nawa take amfani da shi daga ƙarfin lissafinta, ƙwaƙwalwarta, wurin ajiyarta da layin sadarwarta?

Idan ba a haɗa amsoshin nan uku ba, sai a koma ga kintace. Mai manhaja ya ce yana buƙatar kaza, ya ƙara kaɗan don kada a ga laifinsa. Injiniya ya ninka don ya yi barci da daɗi. Mai sayar da kaya ya ce ai gara a ɗauki babba. Kafin ka ankara an sayo tirela don buhu biyu.

Bari mu yi lissafi

Wannan misali ne na ƙirƙira don a ga yadda abin yake, ba alƙaluman wani kamfani ba ne. A ce kamfani yana da sabar 20. Kowace tana shan wat 200 idan tana zaune, wat 400 idan ta cika da aiki. A ce kowace tana aiki da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta, wato tana shan wat 220. Jimla wat 4,400 ke nan.

Yanzu duba aikin kansa. Kashi 10 sau 20 daidai yake da aikin sabar biyu cikakku. Idan aka tattara shi a kan sabar 5, kowace za ta yi aiki da kashi 40 cikin 100, ta sha wat 280. Jimla wat 1,400. Ko da guda ta lalace, huɗun da suka rage za su ɗauki nauyin a kashi 50 kowace, ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba.

An rage wat 3,000. Shekara tana da awa 8,760, don haka an tsira da yunit 26,280. Idan PUE na ɗakin 1.6 ne, ainihin abin da aka rage ya kai yunit 42,000. A ce da janareta ake samar da wutar, kuma lita ɗaya ta dizal tana ba da wajen yunit 3, to lita 14,000 ke nan a shekara. Kowace litar dizal idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, wato an hana kusan tan 38 shiga sararin sama. Kai da kanka ka buga kuɗin lita 14,000 a farashin gidan man unguwarku. Wanda ke kan layin Band A a Najeriya ma, tun da aka ɗaga kuɗin yunit zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024, ya san wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ta yaya ake tattara aikin sabar 20 a kan 5? Akwai manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa, kowace da nata tsarin, ba ta ganin ta kusa da ita. Kamar gidan haya ne: gini ɗaya, mita ɗaya, amma kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa. VMware, Hyper-V da KVM duk wannan aikin suke yi. Fasahar ba sabuwa ba ce, kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960 a manyan kwamfutocinsa.

Kuma an gwada an gani. A gasar kashe sumammun na'urori da Uptime Institute ta shirya, kamfanin AOL na Amurka ya yi nasara a 2012 bayan ya cire sabar kusan 9,500, abin da ya rage masa kashe kusan dala miliyan 5. A matakin duniya kuma, binciken da Eric Masanet da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2020 ya nuna cewa daga 2010 zuwa 2018 aikin da cibiyoyin bayanai ke yi ya ƙaru da kusan kashi 550 cikin 100, amma wutar da suke sha da kashi 6 kacal ta ƙaru. Tattara aiki a kan na'urori kaɗan yana cikin manyan dalilan hakan.

Me zai hana a cika su maƙil?

Wataƙila ka ce, tunda haka ne, a tattara komai a kan sabar biyu mana, kowace ta yi aiki ɗari bisa ɗari. A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, kuma dalilin yana cikin lissafin layi, ilimin da Agner Erlang, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, ya kafa tubalinsa a 1909 lokacin da yake aiki da kamfanin tarho na Kopanhegan.

Ka tuna layin banki. Mutane ba sa zuwa a tsare ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci su zo biyar tare, wani lokaci ba kowa. Idan mai karɓar kuɗi yana da ɗan sarari tsakanin kwastomomi, yana iya cinye layin da ya taru. Idan ba shi da sarari ko kaɗan, layin ba ya raguwa. A tsari mafi sauƙi na wannan lissafi, idan na'ura tana aiki da rabin ƙarfinta, lokacin da saƙo zai ɗauka ninki biyu ne na lokacin aikin kansa. A kashi 80 ya zama ninki biyar. A kashi 90 ninki goma. A kashi 99 ninki ɗari. Ka ga hawan ba a hankali yake tafiya ba, tsalle yake yi.

Mun ɗanɗana wannan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, nauyin ya fi ƙarfin tanadin da aka yi a wurare da dama, sai ga kuɗi sun fita daga asusu ba su isa ba, mai shago ya riƙe kaya, mai saye ya tsaya yana nuna masa waya. Ƙarancin tanadi yana cutar da mutane kai tsaye. Yawan tanadi kuma yana cutar da aljihu da muhalli a ɓoye. Aikin mai tsara ƙarfin ɗauka shi ne ya nemo tsakiya, da alƙaluma a hannu, kuma ya duba lokacin cunkoso, kada matsakaici ya ruɗe shi. Sabar da ke biyan albashi tana iya yin kwana 28 tana hutawa, ta yi kwana biyu tana gumi.

Matakan da ake bi

Na farko, ƙirga. Kamfani ya san na'urori nawa yake da su, wace manhaja ke kan kowace, kuma waye mai ita. Duk wadda ba ta da mai ita, a sa mata alama.

Na biyu, awo. A bibiyi aikin kowace na'ura na tsawon lokacin da zai haɗa da ƙarshen wata da ƙarshen shekarar kuɗi. Akwai manhajoji na kyauta irin su Zabbix da Prometheus da ke yin wannan.

Na uku, kashe sumammu, amma da dabara. A kwafi abin da ke ciki a adana, a sanar da kowa, a cire ta daga layin sadarwa na wasu makonni ba tare da an goge komai ba. In wani ya yi kuka, a mayar cikin minti biyar. In shiru, a kashe. Da mun san wannan hanyar a wancan ofishin, da ogana bai ji tsoro ba.

Na huɗu, sarrafa buƙatar kanta. Ba kowane aiki ne na gaggawa ba. Haɗa rahoto da kwafin ajiya za su iya jira har lokacin da na'urori ke hutawa. Kamfanin da ke da sola zai iya tura irin waɗannan ayyuka zuwa tsakar rana. Google ya sanar a 2020 cewa yana matsar da ayyukan da ba na gaggawa ba zuwa sa'o'in da wutar iska da ta rana suka fi yawa. Na'urorin gwaji da masu rubuta manhaja ke amfani da su kuwa, mako yana da awa 168, su kuma ba su fi awa 50 suna aiki ba. A kashe su da dare da ƙarshen mako.

Na biyar, ajiya. Bayanan da ba a buɗe ba shekara da shekaru a mayar da su ma'ajiya mai arha da ba ta cin wuta sosai, waɗanda doka ba ta ce a riƙe ba kuma ba su da amfani a goge.

Na shida, sanyi. Ɗakunan sabar da yawa ana mayar da su kamar firji ba gaira ba dalili. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga na'urorin ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos.

Abubuwa biyu da za a kiyaye

Wasu na ganin da zarar sun kwashe aikinsu sun kai wa masu ba da hayar kwamfuta ta intanet, irin su Amazon da Microsoft, shi ke nan an gama. Gaskiya ne manyan cibiyoyin nan sun fi ƙaramin ɗakin ofis iya tattalin wuta. Amma a can ma ana ɓarna, har ta fi sauƙi, domin da danna maɓalli ɗaya ake hayar sabar, kuma da sauƙi ake mantawa da ita. Wanda bai iya awo a ɗakinsa ba, ba zai iya a gidan haya ba.

Na biyu kuma tsohon darasi ne. A 1865 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura cewa da injinan tururi suka ƙara iya tattalin kwal a Ingila, sai amfani da kwal ya ƙaru, domin ya yi arha kowa ya shiga. Haka lissafin kwamfuta yake. Idan aka sami sarari a kan na'urori, sai a cika shi da sababbin ayyuka, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke buƙatar wuta mai yawa. Saboda haka tsara ƙarfin ɗauka ba aikin yi-sau-ɗaya ba ne, duk bayan 'yan watanni ake komawa a sake awo.

Akwai kuma ribar da ba ta fitowa a takardar kuɗin wuta. Kowace sabar kafin ta iso ofis an haƙo ma'adinai, an narka ƙarfe, an ƙera ƙananan sassanta a masana'antu masu cin wuta da ruwa. Bayan 'yan shekaru kuma ta zama shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya dace. Sabar da awo ya nuna ba a buƙatar sayenta, ba za a ƙera ta ba balle ta shiga bola.

Idan kana aiki a inda ke da ɗakin sabar, ko kai ne mai kamfanin, ga tambayoyi uku da za ka iya yi gobe da safe: na'urori nawa muke da su, kashi nawa na ƙarfinsu muke amfani da shi a ranar da ta fi kowace cunkoso, kuma wa ke ganin takardar kuɗin wutarsu? Idan ba a samu mai amsa ta biyun ba, to daga nan aikin zai fara. Wanda ya gwada, muna son jin abin da ya tarar. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.